Ƙuri'ar Mijina a Hannuna

Skarby, Litinin, 13 ga Afrilu, 1992

Des nawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa jirgi lafiya, teku kuma bai wahalar da kai ba. Ni lafiyata lau, in ban da murar nan da ta ƙi sakina. Mamarka ma na kai mata ƙwai ranar Asabar, tarin nata dai yana nan. Kwana uku kacal da tafiyarka, amma sau biyu ina sauya wa kujerun falo wuri. Ban san yadda zan yi da mako shida ba.

Baba ne abin damuwa, ko da yake jikinsa garau. Tun ranar Juma'a da aka faɗi sakamakon babban zaɓe bai sake kunna rediyo ba. Ka san yadda ya yarda da masu jin ra'ayin jama'ar nan. Wata guda ya yi yana yanko alƙalumansu daga jarida yana mannawa a jikin firji, jam'iyyarsa ta Leba na gaba, Leba na gaba, sai ga 'yan jam'iyyar Tori sun sake komawa mulki. Jiya na tarar da shi yana ɓamɓare takardun ɗaya bayan ɗaya da wuƙar man shanu. Na ce, “Baba, zo ka sha shayi.” Ya ce, “Lolly, ƙasar nan cike take da maƙaryata masu ladabi. A tare mutum a titi a tambaye shi, ya yi murmushi ya faɗi abu, ya shiga rumfa ya yi wani.” Na ce ai ba kowa ba, na tuna masa matar nan mai koriyar hula da ta tare mu a kasuwa da takardunta, da ni da kai duk muka ce mata Leba. Ya ce, “Ku biyu ai ba ku isa ku ɗauki ƙasa ba.”

Yanzu saura nasa, zaɓen kansiloli, ran bakwai ga Mayu. Shekara ashirin da huɗu yana kan kujerar mazaɓar Bakin Tasha. Ya ce wannan ne na ƙarshe, yana so ya sauka da ƙafarsa, ba a ture shi ba. Tun rasuwar Mama ba shi da abin da ke tashinsa da safe sai kujerar nan, Des, kai ma ka sani. Misis Catterall 'yan Libaral suka tsayar, malamarmu ta aji uku. Tana bin gida-gida da rawayar lema, launin jam'iyyarsu, ko ana ruwa ko ba a yi.

Norman Tibbs, mai riƙe wa Baba yaƙin zaɓe, ya ba ni kati da fensir. Kowane gida in ƙwanƙwasa, in tambaya, in sa alama a gaban suna: namu, nasu, ko mai shakka. Da katunan za a san inda za a tura motoci ranar zaɓe a kwaso tsofaffi. Ina son aikin. Kowace ƙofa in an buɗe kamar shafin farko na littafi, ka ga takalma a jere, ka ji ƙanshin albasa, ka fara tunanin waye ke son wa a gidan.

Takardar wakilcin da ka sa wa hannu, ta in kaɗa ƙuri'a a madadinka, ta dawo daga ofishin zaɓe, sun amince. Ranar zaɓe takardar ƙuri'a biyu za a miƙa min, tawa da taka. Da na karanta sai na ji wani iri, kamar ranar ɗaurin aurenmu. Baba ya ce, “To, ga biyu a aljihu.”

Fostarsa da ka manna a tagarmu tana nan, kusurwa ɗaya ta saki na gyara. Na aro sabon littafi a laburare, na matar wani matuƙin jirgi da ke jiran mijinta a kan dutse kullum da yamma. Ni ba zan iya dutse ba, sanyi ya yi yawa. Daga tagar sama nake kallon teku.

Ka rubuto da wuri, kuma ka cika shafi.

Taka,
Lorraine

*

Daga jirgi, Tekun Arewa, Asabar, 18 ga Afrilu

Lorraine,

Na samu wasiƙarki jiya, na gode. Ina lafiya, da fatan murar ta tafi. Ki gaida Babanki, ki ce na ce ya kunna rediyo ko don ƙwallo. Ki gaida Mamata, ki tabbata tana shan maganin, don za ta ce miki tana sha alhali ba ta sha.

Aiki yana tafiya. Muna shimfiɗa bututu awa goma sha biyu, mu ci, mu kwanta, mu tashi. Ranar Laraba ƙarfe ya yanke ni a hannun hagu, ba wani abu ba ne, kada ki tayar da hankali. Morag, nas ɗinmu, ta ɗinke min. Hannunta da sauƙi, ta yi ta ba ni dariya har ban ji allurar ba. Na san ta tun ina aiki a Aberdeen.

Lorraine, akwai maganar da nake so in faɗa miki. Na daɗe ina riƙe da ita, tun kafin aurenmu. Sau uku ina fara rubuta ta ina yagewa. Ki ba ni 'yan kwanaki in samu bakin zaren. Ba na so ranki ya ɓaci, amma na san sai ya ɓaci.

Helikwafta na shirin tashi, bari in miƙa wannan.

Des

*

Skarby, Alhamis, 23 ga Afrilu

Desmond,

Ina fata kana lafiya, da kai da hannunka da mai ɗinke shi. Ni ban sani ba ko lafiyata lau. Murar ta tafi, barci ma ya bi ta.

Sau goma sha ɗaya na karanta wasiƙarka. Layi huɗu na aiki, layi uku na Morag, sannan magana tun kafin aurenmu wadda za ta ɓata min rai. Des, ni ba yarinya ba ce. Littattafai nawa na karanta? Na san yadda irin wannan ke farawa. Kullum nas ce, kullum hannunta da sauƙi, kullum kuma an san ta tun da. Jan gashi gare ta ko? Na san jan gashi ne. Jiya a bas na ƙare mata kallo a zuciyata, har ɗigon baƙin da ke gefen bakinta, na wuce tashata ban sani ba, sai da direba ya ce, “'Yar nan, nan ne ƙarshe, sai teku kuma.”

In akwai abu ka faɗa min kai tsaye. Kada ka sa ni jiran helikwafta kamar mai jiran hukunci.

Ba na iya zaman gida, don haka na ƙwanƙwasa ƙofofi fiye da kowa. Na gama Layin Capstan, na gama Layin Coci, na shiga sabbin gidaje. Mutane suna da kirki, Des, har hawaye ya kusa zubo min. Mamarka ta ce, “Haba Lorraine, ke da kike 'yar gida kike tambaya?” Na sa mata namu. Wani tsoho a lamba tara ya ce, “Ki gaida min babanki Walter, tare muka yi dakon kifi.” Namu. Misis Pickersgill ta buɗe ƙofa da karen nan nata a hammata, ta ce, “Za mu duba, 'yar nan, za mu duba,” ta ba ni biskit guda biyu. Wanda ba ya yinka zai ba ka biskit? Namu. Mutum ɗaya ne ya ce min a'a ƙiri-ƙiri, shi ma daga baya na gane bai ji abin da na ce ba, ya ɗauka tallar tagogi nake yi.

Ran Talata Norman ya baje katunan a teburin Baba ya tattara. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, “Walter, da tazarar ɗari uku kake gaba.” Baba ya ce, “Kai ma ka zama mai jin ra'ayi?” Norman ya ce, “Waɗancan baƙi suke tambaya a titi. Wannan 'yarka ce ta tambayi maƙwabtanka a ƙofarsu. Wa zai yi wa Lolly ƙarya?” Sai Baba ya ce in soya masa ƙwai biyu. Rabonsa da neman abinci da bakinsa tun ran zaɓe. Sun yanke cewa tunda Bakin Tasha ta zauna, motocinmu biyu duk a ba mazaɓar Kan Tudu, inda ɗan takararmu ke cikin matsi.

Ka ga ni na faranta wa mutum ɗaya. Kai kuma ka zauna kana neman bakin zare.

Ka rubuto. Ko layi ɗaya ne: e ko a'a.

Lorraine

*

Skarby, Alhamis, 30 ga Afrilu

Des,

Gaisuwa, in kana karantawa. Kowa lafiya a nan.

Mako guda ke nan ba ko layi. Mai kawo wasiƙu ya fara tsallake ƙofarmu da sauri don kada mu haɗa ido. A rediyo sun ce hazo ya rufe tekun, helikwafta ba sa tashi. To, na ji. Amma a littafin matar matuƙin jirgi ma da hazo aka fara ba ta haƙuri.

Na wanke labulaye, na sake wanke su. Na fitar da akwatina daga ƙarƙashin gado na mayar. Na je gidan Mamarka in bugi cikinta ko ta san wata Morag, na ƙare da wanke mata kwanuka ban tambaya ba. Tarinta ya ƙaru. Ta ce daga ɗakin kwana ne, na ce in shiga in buɗe taga, ta ce a'a, a bar shi, ba a gyare yake ba.

Saura mako ɗaya zaɓe. Baba ya sayo sabon jan fure na ƙyalle, alamar Leba, da zai maƙala a ƙirji. Yana rera waƙa a banɗaki.

Takardar wakilcinka tana cikin jakata tare da katin zaɓena. Ko me ka yi, zan kaɗa maka ƙuri'arka, ba don kai ba, don Baba.

L.

*

Daga jirgi, Lahadi, 26 ga Afrilu

Lorraine tawa,

Ina lafiya, hannu ya warke. Wasiƙarki ta Alhamis ta shigo da jirgin kayan abinci. Ban san yaushe wannan za ta same ki ba, hazo ya hana helikwafta sauka, sun ce zai daɗe.

A'a. Ga layin da kika nema. Morag shekarunta sittin da ɗaya, jikokinta biyar, gashinta fari fat, kuma duk wanda ya buga karta da ita sai ta cinye shi. Na karanta mata wajen ɗigon baƙin nan, ta yi dariya har ta ƙware, ta ce a gaishe ki, kin sa ta ji ta dawo budurwa.

Yanzu ga maganar. Ban taɓa zaɓen Babanki ba. Ban taɓa zaɓen jam'iyyarsa ba, ko sau ɗaya. Ran tara ga wata ma 'yan Libaral na yi wa. Matar nan ta kasuwa mai koriyar hula, da ta tambaye ni, kina riƙe da hannuna kina kallona, sai na ce Leba. Maƙaryatan masu ladabi da Babanki ke faɗa, ɗaya yana cin abincin Lahadi a teburinsa.

Ba ƙinsa nake yi ba. Mutumin kirki ne, ya ba ni ke bai tambaye ni komai ba. Amma shi ke shugabancin kwamitin gidajen haya na ƙaramar hukuma, inda Mamata take zaune, kuma bangon ɗakin Mamata shekara tara yana tsiyayar ruwa. Sau uku ya zo, ya dafa bangon, ya sha shayi, ya ce za a duba. Misis Catterall ta zo bara da kyamara, ta ɗauki hoto, ta yi ta rubuta wasiƙu har aka zo aka gyara indararo. Bangon dai yana nan, amma ita ba ta daina ba. Babanki ya gaji, Lorraine, bai sani ba ne, kuma ba mai faɗa masa don kowa yana sonsa.

Shi ya sa katunanki suka tayar min da hankali. A Layin Capstan aka haife ni. In sun ce za mu duba, a'a ke nan. In sun ce a gaida Walter, suna nufin a gaishe shi kawai. Biskit kuma na ban haƙuri ne. Mamata ba za ta zaɓe shi ba, kuma ko za a yanka ta ba za ta faɗa miki ba.

Da ta gidan waya na so in nemi ƙuri'ata. Babanki ne ya kawo min takardar wakilcin har gida, ya miƙo min biro, yana tsaye. Na kasa cewa a'a. Fostar ma haka.

Ƙuri'ata Misis Catterall nake so ki sa wa. Na san girman abin da nake roƙo. A rumfar nan daga ke sai fensir, ba wanda zai gani, ni ma ba zan san komai ba sai abin da kika faɗa min. Da na yi shiru, amma na gaji da murmushi a ƙofa, musamman a ƙofar gidana.

Ki yafe min daɗewar.

Mijinki,
Des

*

Skarby, Laraba, 6 ga Mayu

Des,

Lafiyata lau, Baba lafiya, Mamarka da sauƙi. Wasiƙarka sai jiya ta iso, kwana tara a hanya, ga hutun Litinin ya ƙara mata.

A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa. Wajen Morag na yi dariya ni kaɗai har maƙwabciya ta leƙo. Na juya shafi, sai na zauna a kan matakala, ban tashi ba sai da ƙafata ta yi sanyi.

In faɗa maka gaskiya? Da Morag ɗin ce da ya fi min sauƙi. Wannan na san yadda ake yi, a yi kuka, a haɗa akwati, a tsaya a tashar jirgin ƙasa cikin ruwan sama. Amma ban taɓa karanta littafin da miji ya ce wa matarsa ta je ta kayar da ubanta da hannunta ba. Shekara biyu kana miƙa masa dankali a tebur yana ce maka ɗana.

Na ruga wajen Norman na ce masa katunan nan ba daidai suke ba, ni na cika su da son zuciya, a dawo da mota ko ɗaya. Ya ce, “Motoci sun tafi, an raba musu layuka, yanzu kike zuwa?” Na je wajen Baba. Ban ambace ka ba. Na ce, “Baba, in fa mutanen nan kunyata suka ji?” Ya ja kumatuna ya ce, “Lolly, littattafan nan sun sa ki hango masifa a kowace kwana. Je ki goge min farar rigata.” Na goge.

Daga nan na wuce gidan Mamarka. Ban tambaye ta ƙuri'a ba. Na ce ta nuna min ɗakin. Ta yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe muka ture kabad ɗin kaya tare. Des, baƙi ƙirin tun daga ƙasa har rufi, funfuna kamar gashi, in ka dafa hannunka ya jiƙe. A nan take kwana. Ta ce, “Kada ki faɗa wa Walter, zai ji ba daɗi.” Shekara tara, kuma damuwarta kada shi ya ji ba daɗi!

Na buga wa ofishinku na Aberdeen ko za su haɗa ni da jirgi. Matar ta ce sai in mutuwa ce ko haihuwa. Na kusa cewa duka biyu.

Gobe ne. Na fito da takardun daga jaka na ajiye a tebur, na mayar, na sake fitarwa. Wannan wasiƙar ba za ta same ka ba sai an gama komai, don haka ban san ma me ya sa nake rubuta ta ba. Ban san abin da zan yi ba. Kada ka ɗauka na sani.

Lorraine

*

Skarby, Lahadi, 10 ga Mayu

Des,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya, hazo ya yaye. Mu dai muna nan. Ka zauna kafin ka karanta, don ni a tsaye nake rubutawa, na kasa zama.

A makarantarmu aka yi rumfar, kuma a aji uku, ajin Misis Catterall na da. Ƙananan kujerun suna jingine a bango. Baba yana bakin ƙofa da jan furensa yana gaisa da kowa da suna, kowa yana ce masa, “Sa'a, Walter.” Da na zo shiga ya ɗaga min yatsa biyu.

Ma'aikaciyar ta duba sunana, ta duba naka, ta miƙo min takarda biyu. Na shiga tsakanin katakan nan, ga fensir ɗaure da zare. Tawa na fara yi, Baba, ban ko tsaya ba. Sai taka. Na ɗora bakin fensirin a gaban sunan Baba, har ya yi ɗan ɗigo. Na ce wa kaina ba wanda zai sani, in rubuto maka in ce na yi yadda ka ce, ka yarda, shi ke nan. Na daɗe a haka har ma'aikaciyar ta yi tari ta ce, “Lafiya dai, 'yar nan?” Abin da ya tsaya min shi ne, in na yi haka, ni ma na shiga layin masu ba da biskit, sai dai ni kai zan riƙa ba wa, safe da yamma, har mu tsufa. Na sa wa Misis Catterall. Na naɗe, na jefa a akwati, na fita ta ƙofar baya don kada in wuce ta gaban Baba.

Juma'a da safe aka ƙirga a zauren wasanni. Ka san yadda ake yi, dogayen tebura, ana tara takardu dami-dami, mu muna tsaye muna leƙe. Tun kafin a yi nisa na ga damin Misis Catterall yana tashi kafaɗa da kafaɗa da namu. Da aka gama, ɗari bakwai da arba'in da biyu, ɗari bakwai da arba'in da biyu. Aka sake, haka. Aka sake na uku, haka.

Baturen zaɓe ya kira su biyun ya ce doka ta ce in an yi kunnen doki, sa'a ce za ta raba. Ya rubuta sunayensu a takardu biyu, ya sa kowace a ambulan, ya jefa a akwatin da ba komai. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga kai yana kallon rufi, ya zura hannu. Shekara ashirin da huɗu, Des, a hannun wani mutum mai kallon rufi.

Misis Catterall ya zaro.

Baba ya fara miƙa mata hannu. Ya ce, “Marjorie, da wannan sa'ar taki, ki wuce tseren dawaki kafin ta huce.” Ta ce, “Walter, ban so ta zo ta haka ba.” Ya ce, “Ta dai zo. Ki riƙe ta da kyau, tana da nauyi.” Norman kuwa yana gefe yana lissafa tsofaffin da suka zauna a gida da kwat a jiki suna jiran motar da ba ta zo ba. “Mutum ɗaya!” yake ta faɗa. “Mutum ɗaya tak!” Ni na san mutum ɗayan. Da na bar fensirin inda na fara ɗora shi, da biyu Baba zai ci.

Bai yarda mu tafi gida ba. Ya sayo mana kifi da dankali muka zauna a bencin bakin tasha. Ya ce in ba shi katunan. Ya yi ta dubawa yana lasar yatsa, can ya tsaya. “Pickersgill kika sa a namu? Matar da ta sakar min kare a shekarar saba'in da tara?” Na ce ta ba ni biskit. Ya yi dariya, ya yi dariya har ya fito da hankici, daga nan ban san ko dariyar ce ba kuma.

Na ce, “Baba, takardar Des...”

Ya ɗaga hannu. “Kul. Shekara arba'in ina tsayuwa a ƙofar rumfa, ban taɓa leƙa ta kafaɗar mutum ba. Ba zan fara da 'yata ba. Ci kifinki kafin tsuntsayen nan su riga ki.”

Na ci. Ban san ko ya sani ba, kuma ya rufe min hanyar sani.

Yau tun ƙarfe bakwai ya zo, ya ɗaura lakataya, ya goge takalmi, ba inda za shi. Yana kicin yanzu haka yana gyara min murfin butar shayi wanda lafiyarsa lau. Ina jin ƙarar cokali daga nan.

Ban yi da-na-sanin takardarka ba, kuma ban huce ba, duka biyun gaskiya ne. Littafin matar matuƙin jirgi na mayar laburare ban ƙarasa ba, ban damu ko ya dawo mata ba. Kai dai ka dawo ran ashirin da biyu. Ran Lahadin da ke biye Baba zai zo cin abinci, Mamarka ma na gayyace ta. Ni ya hana magana, kai bai hana ka ba. Za ka faɗa masa da bakinka, da ƙuri'ar da bangon, kana kallon idonsa, ba murmushi.

Duk layinmu sun cire fostocinsu. Tamu tana nan, rana ta fara cinye jan, kusurwar nan ta sake saki. Ba zan taɓa ta ba. Kai ka manna, kai za ka cire, kuma yana zaune za ka cire.

Matarka,
Lorraine